Lauya a Majalisar Dokokin Jiha: Garkuwar Talaka ne ko Adon Takarda?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, hotunan 'yan takara kan mamaye shataletalen Taminus da ke tsakiyar birnin Jos, kuma ba a rasa waɗanda aka rubuta wa "Barista" a gaban suna. A nan ne gardama kan tashi tsakanin masu shaguna, direbobin Keke Napep da matasa masu sayar da kayan waya. Wasu su ce tunda majalisa gidan yin doka ce, wanda ya karanci doka shi ya fi cancanta ya zauna a cikinta. Wasu su ce a'a, wakilci daban, iya Turancin kotu daban.

Ga mutanen Taminus wannan ba gardamar kashe lokaci ba ce. Babbar kasuwar Jos, wadda ake alfahari da ita a duk faɗin Afirka ta Yamma, ta ƙone a watan Fabrairun 2002, kuma an shafe fiye da shekara 20 ana jiran a sake gina ta. A ranar 20 ga Mayun 2014 tagwayen bama-bamai sun hallaka mutum fiye da 100 a wannan wuri. Harajin da ɗan kasuwa ke biya, dokar hana acaba a Jos da Bukuru, tashin masu kasa kaya a bakin titi, kuɗin da ake warewa don tsaro da gyaran kasuwa, duk ko dai sun bi ta zauren Majalisar Dokokin Jihar Filato mai kujeru 24, ko kuma haƙƙinta ne ta sa musu ido.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗauki ɓangare ba. Sashe na 106 ya ce wanda zai shiga majalisar jiha ya kasance ɗan Najeriya, mai ilimin da ya kai matakin sakandare, wanda wata jam'iyya ta tsayar. Tun daga gyaran 2018 shekara 25 ta isa. Ba a ambaci digirin lauya ba. Ke nan hukuncin yana hannun mai ƙuri'a.

Filato tana da misalin da ɓangarorin biyu ke kafa hujja da shi, wato Simon Bako Lalong. An haife shi a Shendam a 1963, ya karanci shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya zama cikakken lauya a 1991, ya ƙara digiri na biyu a Jami'ar Jos a 1996. Ya yi aikin lauya a Jos kafin mutanen Shendam su tura shi majalisar jiha a 1999. A shekarar 2000 ya zama kakakin majalisa, ya riƙe sandar har 2006. Daga baya ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, ya taɓa ministan ƙwadago na ɗan lokaci, sannan ya koma Majalisar Dattawa. A tarihinsa kowane ɓangare yana samun abin riƙewa.

Masu goyon baya: doka sana'a ce

Hujjarsu ta farko ita ce rashin sani ya fi dare duhu. Majalisar jiha ba ta da ikon yin doka a kan komai. Akwai abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya kaɗai, kamar 'yan sanda, sojoji da ma'adinai. Akwai waɗanda tarayya da jiha suka yi tarayya a kansu, kuma idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta jiha ce ke faɗuwa. Akwai kuma ayyukan da aka lissafa wa ƙananan hukumomi, ciki har da kula da kasuwanni, tashoshin mota da mayanka. Ɗan kasuwar da masu karɓar haraji daban-daban suke zo wa da rasit iri-iri a kan rumfa guda, sau da yawa yana ɗanɗanar sakamakon dokar da aka rubuta ba tare da an fayyace wa ke da ikon karɓa ba. Lauya, in ji su, shi ke hango irin wannan giɓi tun ƙudiri yana hannun kwamiti. Zai tambaya: wa zai aiwatar, mene ne hukuncin wanda ya saɓa, ina wanda aka zalunta zai kai kuka?

Sun ƙara da cewa lauyan da ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin kotun majistare, babbar kotu da gidan gyaran hali na Jos ya ga yadda doka ke cizon talaka da idonsa. Ya san matashin da ya shekara a tsare yana jiran shari'a a kan laifin da hukuncinsa bai kai wata shida ba. Suna kawo misalin Barack Obama, lauyan da ya zauna a majalisar dattawan jihar Illinois ta Amurka daga 1997 zuwa 2004. A 2003 ya jagoranci dokar da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake tuhuma da kisan kai, don toshe ƙofar tilasta amsa laifi. A gida kuma suna tunatarwa cewa a zamanin da Lalong ke kakaki ne aka kafa Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos a 2005.

Masu adawa: rubutu ana sayen sa, sanin ciwo ba a sayen sa

Martanin ɗaya ɓangaren shi ne a dubi yadda ake aiki a zahiri. Mafi yawan ƙudirorin da ke zama doka a jihohinmu daga ɓangaren zartarwa suke fitowa, lauyoyin ma'aikatar shari'a ne ke tsara su. Majalisa kanta tana da akawu da sashen shari'a, waɗanda ake biya albashi domin wannan aiki. Ɗan majalisar da ya san abin da yake so zai iya zama da ƙwararre ya zuba masa shi cikin harshen doka. Abin da ba zai iya ɗaukar hayarsa ba shi ne sanin halin da jama'arsa ke ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta rasa jarinta a gobarar 2002 ta koma kasa tumatir a gefen titi, ta san abin da dokar kasuwa ta rasa fiye da duk wanda ya karanta labarin a jarida.

Suna kuma juyawa ga tarihin Arewa. A watan Agustan 1950, wanda ya miƙe a majalisar Jihar Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudirin yi wa mulkin En'e garambawul shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta. Malam Aminu Kano, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da zaluncin kotunan alkalai da harajin da ya danne talaka, shi ma malamin makaranta ne. Ba su jira hular gashi da baƙar riga ba kafin su gane inda doka ta karkace. Masu adawa suna tsoron cewa idan aka mayar da majalisa dandalin lauyoyi, muhawara za ta koma kan sashe da ƙaramin sashe, cikin harshen da mai sayar da gwanjo ba ya ji, har ya ɗauka cewa majalisa ba tasa ba ce.

Masu goyon baya: ranar da ƙa'ida ta tsaya da ƙafarta

Hujja mafi ƙarfi a hannun magoya baya ita ce abin da ya faru daga 2004 zuwa 2007. A ranar 18 ga Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Aka dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar jiha na wata shida, aka naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe jihar. Bayan Dariye ya dawo, hukumar EFCC ta matsa lamba a tsige shi kan zargin wawure dukiyar jama'a. Kakaki Lalong da mafi yawan 'yan majalisa suka ƙi bin wannan hanya. An yi yunƙurin yi wa Lalong kiranye a mazaɓarsa a 2006, bai yi nasara ba. Daga ƙarshe, a ranar 13 ga Nuwamban 2006, wasu 'yan majalisa da ba su wuce 8 ba suka zauna cikin tsaron jami'ai suka sanar da tsige gwamna, aka rantsar da mataimakinsa Michael Botmang.

Sashe na 188 ya shimfiɗa matakai: kashi ɗaya bisa uku su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa su amince a yi bincike, alƙalin alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai, sannan kashi biyu bisa uku su sake amincewa da rahoton. Kashi biyu bisa uku na 24 kuwa 16 ne. A watan Maris na 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar, a watan Afrilu Kotun Ƙoli ta tabbatar, Dariye ya koma ofis ya ƙarasa makonnin da suka rage masa. Haka Kotun Ƙoli ta yi a watan Disambar 2006 a shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, wanda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige.

Magoya baya suna cewa ga amfanin lauya a kujerar kakaki. Ya san cewa idan aka bar tsiraru suka kori zaɓaɓɓen gwamna yau don ana zarginsa, gobe da wannan makami za a kori mai gaskiya don ya ɓata wa Abuja rai. Kotu mafi girma a ƙasa ta zo ta ce lissafinsa ne daidai.

Masu adawa: ƙa'ida ta tsira, dukiyar jama'a fa?

A nan masu adawa ba su ja da baya. Suna cewa a ƙarasa labarin. A watan Yunin 2018 wata babbar kotu a Abuja ta samu Dariye da laifin karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na kuɗin gyaran muhalli, ta yanke masa ɗaurin shekara 14. An rage zuwa 10 a ɗaukaka ƙara, kafin a yi masa afuwa a 2022. Kuɗin na jihar da tsofaffin ramukan haƙar kuza suka daddatse ƙasarta ne. To, in ji su, majalisar da ta iya ƙirga kashi biyu bisa uku, me ya hana ta tara waɗannan 16 ta bi matakan sashe na 188 ɗaya bayan ɗaya ta hukunta mai laifi da kanta? A ganinsu, sanin doka ya zama katangar da gwamna ya fake a bayanta, alhali aikin majalisa shi ne tsare baitulmali.

Suna da hujja ta biyu. A ranar 28 ga Oktoban 2021, wasu 'yan majalisa 8 suka zauna da sassafe suka sanar da tsige kakaki Nuhu Abok Ayuba na mazaɓar Jos ta Gabas, wanda ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Jos lokacin da aka zaɓe shi a 2019, suka ɗora Yakubu Sanda. Sashe na 92 ya ce sai kashi biyu bisa uku ake sauke kakaki. Wannan ya faru ne a lokacin da Lalong, kakakin 2006, yake gwamna. Masu suka sun nuna yatsa ga gidan gwamnati, gwamnati ta musanta. A watan Afrilun 2023 babbar kotun jiha ta ce tsigewar haramtacciya ce, amma wa'adin majalisar ya riga ya kusa ƙarewa. Masu adawa suna tambaya: jihar da lauya ke mulki, kuma lauyan da ya ɗanɗani irin wannan da kansa, yaya aka yi lissafin 8 cikin 24 ya sake dawowa, har ya yi aiki na fiye da shekara guda? Amsarsu ita ce 'yan siyasa, lauya da wanda ba lauya ba, suna tuna ƙa'ida ne ranar da take tare da su.

Masu goyon baya: mai iya tambaya, mai abin komawa

Doka ba ita kaɗai ce aikin majalisa ba. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su, ta kira kwamishina ko shugaban hukuma, ta sa shi rantsuwa, ta nemi takardu. Wa ya fi lauya iya yi wa mai shaida tambayar da za ta fito da abin da yake ɓoyewa? Suna ba da misali da kasuwar Taminus kanta. A 2022 gwamnatin jiha ta shirya yarjejeniya da bankin Jaiz don sake gina kasuwar. Gardama ta kaure kan yadda za a raba shaguna da tsawon shekarun da za a riƙe su, aka cusa addini a ciki, magana ta kai kotu, aikin ya tsaya. Magoya baya suna cewa da akwai 'yan majalisar da suka zauna suka karanta yarjejeniyar layi-layi, suka fassara wa jama'a abin da ke cikinta da Hausa da sauran harsunan Filato, suka nemi gyara inda ya kamata, da jita-jita ba ta samu gurbi ba.

Suna kuma cewa lauya yana da sana'ar da zai koma. Ɗan majalisar da ba shi da abin yi sai siyasa yana tsoron ranar da gwamna zai hana shi tikiti, don haka ya zama ɗan amshin shata. Mai ofishin lauya zai iya cewa a'a, in an kore shi ya ɗauki rigarsa ya koma kotu.

Masu adawa: wa yake karewa?

Masu adawa suna cewa wannan sana'ar ita ce matsalar. An horar da lauya ya tsaya wa wanda ya ɗauke shi, ya nemo masa kowace kafa da doka ta bari. A kotu wannan abin yabo ne, domin akwai lauyan ɗaya ɓangaren, akwai kuma alƙali a tsakiya. A majalisa babu alƙali. Idan ya ɗauki gwamna ko ubangidan da ya saya masa fom a matsayin wanda yake karewa, to ya fi kowa haɗari, domin ya san yadda ake yi wa ɓarna rigar halas. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa, in ban da noma. Amma ofishin yana nan da sunansa a jikin allo, abokan aikinsa suna karɓar shari'o'in kamfanoni da 'yan kwangila, waɗanda wata rana takardunsu za su iya zuwa gaban kwamitinsa. Ga kuma lokaci: sashe na 104 ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, ban da aikin kwamiti da na mazaɓa.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne yadda siyasar Filato ta koma hannun lauyoyi. A watan Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori 'yan majalisar jiha 16 na jam'iyyar PDP kan batun tsarin shugabancin jam'iyyarsu. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, wanda shi ma lauya ne, ta mayar masa da kujerarsa. Amma shari'ar ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, don haka 16 ɗin ba su da inda za su je. Wanda ya bi layi cikin sanyin Jos ya kaɗa ƙuri'a, in ji su, ya ga yadda aka sauya kashi biyu bisa uku na majalisarsa a zauren kotu. Irin wannan mutum ba ƙarin lauyoyi yake nema ba. Kasafin kuɗi yana buƙatar akanta, asibitoci suna buƙatar wanda ya yi aikin jinya, manoman dankalin Bokkos da na masarar Mangu suna buƙatar nasu.

Idan aka tace hujjojin

Akwai abin da ya kamata masu adawa su sallama. Tsigewar 2006 ba daidai ba ce, kuma laifin da aka samu Dariye da shi bayan shekara 12 bai halasta ta ba. Jihar da ta sha zubar da jini a 2001, 2004, 2008 da 2010 ta fi kowace buƙatar a riƙa bin ƙa'ida wajen ɗora shugaba da sauke shi, domin duk inda aka tsallake doka, ƙarfi ne ke maye gurbinta. Majalisar da babu ko mutum ɗaya a cikinta da zai iya karanta ƙudiri ko yarjejeniya da idon gwani, za ta riƙa sa hannu a kan duk abin da aka miƙo mata.

Akwai kuma abin da ya kamata magoya baya su sallama. Abin da ya faru a 2021 ya nuna cewa sanin doka ba ya tsare ta. Raunin majalisun jihohinmu ba daga ƙarancin masu digiri yake ba. Tushensa shi ne dogaro da gwamna, wanda ke riƙe da jam'iyya da tikiti da aljihu. Shi ya sa aka gyara tsarin mulki a 2018 don ba majalisun jihohi 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, kuma aka yi ta fama da gwamnoni, har ma'aikatan majalisu suka yi ta yajin aiki, kafin a fara aiwatarwa. Ɗan majalisar da albashinsa, motarsa da makomarsa suke hannun wanda zai bincika, ko littattafan shari'a nawa ya haddace, bakinsa a ɗaure yake.

Ra'ayina shi ne majalisa mai kujeru 24 tana buƙatar lauyoyi kaɗan nagari, musamman a kwamitin shari'a da na bin diddigin kuɗin jama'a, tare da 'yan kasuwa, malamai, manoma, ma'aikatan lafiya da mata, waɗanda har yau ba su da yawa a zauren. Laƙabin Barista ƙarin daraja ne idan an tabbatar da amana, amma ba ya maye gurbinta. Tambayar da ta rage a buɗe, wadda masu hankali za su ci gaba da saɓani a kanta, ita ce ta 2006: shin majalisar Lalong ta kare tsarin mulki ne, ko ta kare mutum guda, ko duka biyun a lokaci ɗaya? Haka kuma babu amsa guda ga kowace mazaɓa. Inda rikicin filaye da takardun shaguna ya fi yawa, lauya zai iya fin amfani. Inda matsalar ruwa da asibiti ce, wataƙila wani ya fi shi.

Don haka, ya kai mai ƙuri'a a Taminus, ranar da Barista ya zo neman goyon bayanka, kada ka ƙi shi don lauya ne, kada kuma ka bi shi don lauya ne. Tambaye shi talakawa nawa ya taɓa tsaya wa a kotu ba tare da ya karɓi kuɗinsu ba. Tambaye shi wa ya saya masa fom, kuma me zai yi da ofishinsa idan ya ci zaɓe. Tambaye shi wane ƙudiri zai kai kan kasuwar nan, kuma ya bayyana maka shi da harshen da kake ji. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kwana-kwana ba, ka ba shi ƙuri'arka, sannan ka ci gaba da bibiyarsa har wa'adinsa ya cika.